Kwance Za Ta Fita

Litinin, 2 ga Oktoba 1967, da hantsi

Ya sake zuwa. Tattersall, mutumin ofishin gidaje na hukumar gari, da jakarsa da takalmin da bai taɓa taka kashin doki ba. Ban ba shi kujera ba. Ya ɗora ƙafa a kan dokin ƙofa, na ce ya sauke, a layin nan tsallakewa ake yi. Ya sauke.

"Mista Duxbury, ƙarshen Nuwamba ne fa. An ba ku gida a Dogon Bene, kusa da 'yarku. Ruwan zafi a famfo, bayi a cikin gida, ɗumi ko'ina ba sai an hura wuta ba."

"Gidan da ba murhu, wannan ai ma'ajiyar mutane ce."

"Layin Garnet duka za a rushe. Ba ni na yanke ba."

"To, wanda ya yanke ya zo da ƙafarsa."

Shekara arba'in ina sauke kwal a unguwar nan da keken doki. Babu ramin kwal ɗin da ban san bakinsa ba. Yau wanda aka haifa jiya yana karanta mini takarda wai gidajenmu ba su dace da zaman ɗan Adam ba. Mu da muka tsufa a ciki, mene ne mu ke nan?

Ba inda za mu.

Matata Hilda ta sha shayi, ta ci rabin yankan burodi.

Laraba, 4 ga Oktoba, da yamma

Likita ya zo. Ya ja ni gindin matakala ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ba zan rubuta ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka cire ni daga makaranta, kalmar ma ban iya rubuta ta ba.

Na sauko da gadonta zuwa kicin, kusa da murhu. Ba ɗakin gaba ba. Ɗakin gaba yana da ranarsa.

Juma'a, 6 ga Oktoba, da safe

Tun ranar da na kawo Hilda layin nan tana amarya, ba Juma'ar da ta wuce ba ta durƙusa ta wanke dokin ƙofa ta goge shi da dutse ba. Duk matan layin haka suke yi. Wadda ƙofarta ta wayi Asabar da datti, ko ƙazama ce ko tana kwance, kuma kowa ya san Hilda ba ƙazama ba ce. Don haka kafin gari ya waye sosai na fita da bokiti. Namiji durƙushe a bakin ƙofa, da gwiwoyin nan nawa. Na goge da dutsen da mai sayen tsumma ya ba ni a bakin tsohuwar rigata.

Da hantsi sai ga Florrie Openshaw ta gidan da ke kallonmu, hannu a ƙugu.

"Wilf, wa ya goge muku ƙofa?"

"Wa ya saba gogewa?"

"Kar ka raina mini hankali. Tunda nake ban taɓa ganin Hilda ta sa farin dutse ba. Rawaya take sawa, ta ja siririn farin layi a baki. Wannan aikin jaki ne." Sai ta dube ni. "Yaushe ta kwanta?"

Na ce mura ce. Ta ture ni ta shige.

Florrie ce ke wanke jariran layin nan in an haife su. Ita ce kuma ake kira in ɗaya aikin ya zo. Ban so ta shigo ba. Ba don komai ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba, bayan cin rana

Maureen ta zo da mijinta. 'Yata guda, na ba ta wanda take so, ashe wanda zai rushe mini gida na ba. Clifford shi ke tuƙa injin nan mai dunƙulen ƙarfe. Shi ya kayar da Layin Coral, shi ya kayar da majami'ar da aka ɗaura musu aure. Ya zauna mini a kujera yana shan shayina da hannuwan.

"Baba, aiki ne. In ban yi ba wani zai yi."

"Haka mai rataye mutane ma yake cewa."

Maureen ta ce bango yana tsatsar ruwa, ƙirjin uwarta ba zai ɗauka ba. Na ce bangon nan ya raine ta har ta yi girman da za ta zage shi. Ta ce me na tsana haka a benen. Na ja su tsakar gidan baya, gefen bayi, don kada Hilda ta ji, na gaya musu.

Cyril Haworth, abokina tun muna gudu ba takalmi, an mai da shi Dogon Bene bara, ya rasu da bazara. Na je. Akwatin gawa ba ya shiga liftarsu, injin hawa benen, a kwance. Tsayar da shi suka yi, kamar an sayo kabad. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji Cyril ya zame a ciki ya bugi katako. Mutumin da ya yi yaƙi a Faransa. Aka sauko da shi, wata mata na jira a ƙasa da kwandon cefane tana duba agogo. Ko labule ɗaya ba a ja ba a benen nan kaf. Wa ya san shi da zai ja?

A Layin Garnet mutum yana kwana a ɗakin gabansa. Kowane gida a ja labule, daga wannan baki zuwa wancan. Maza su ɗauke shi a kafaɗa, ya fita ta ƙofarsa, ƙafa a gaba, a kwance.

Maureen ta yi kuka. Clifford yana kallon ƙasa.

Ba inda za mu.

Alhamis, 12 ga Oktoba, da azahar

Na shiga gari karɓo magani, na ɓata. Ni, a garin da aka haife ni.

Kasuwar rufi ba ta nan. Na san sun ce za su taɓa ta, ban san sun gama ba. Ginshiƙan ƙarfen nan masu ganye-ganye a kai, rufin gilashin da in rana ta fito sai ka ga haske na sauka a kan kifi da kabeji kamar a coci. Agogon da ke bisa ƙofa mai fuska huɗu. A ƙarƙashinsa na fara jiran Hilda, ta makara, ta zo tana warin audugar masaƙa da farar ƙura a gashinta, ta ce in ina son ta sai na wanke wuyana. Yanzu fili ne, an kewaye da katako, an zana hoton abin da za a gina. Akwati a kan akwati.

Sun cire jirgin ƙasan da ke bin titi, sun zuba kwalta a kan duwatsun hanya, sun hana hayaƙi. Da in ka tsaya a gadar tashar jirgi, bututun hayaƙin masaƙu ne iya ganinka, kowanne da irin wuyansa, mai gini ya yi masa ado a can saman da ba mai gani sai tsuntsu. Mutanen da ke ƙawata abin da ba mai gani. Su ake ce wa ba su san gini ba.

Da na dawo Hilda ta ce, "Agogon yana daidai?" Na ce yana gaba da minti biyu kamar kullum.

Asabar, 14 ga Oktoba, da safe

Motar kaya a gidan Ogden. Motar kaya a gidan su Brierley. Ana fita, ana buga wa tagogi kwano.

Talata, 17 ga Oktoba, da yamma

Rabin kofi ta sha.

Juma'a, 20 ga Oktoba, da safe

Na samo dutsen rawayan. Layin bakin ya gagare ni. Florrie ta leƙo ta ce kamar tsutsa ta bi ta wurin.

Ranar Litinin za ta tashi. An jefa ta wata unguwa can bayan gari, mota biyu ake shiga. Na ce ashe ita ma ta sayar da mu. Ta ce, "Rufe mini baki, tsohon banza. Ka aiko a kira ni, ko ƙarfe nawa ne."

Lahadi, 22 ga Oktoba, da yamma

Maureen ita kaɗai. A tsakar gidan baya kuma.

"Baba, ka san abin da kake yi kuwa? Tsere kake haɗawa tsakanin Mama da injin Clifford. Kullum kana duba kalanda kana duba ta. Jira kake ta riga ƙarshen wata."

Na ɗaga hannu. Ban taɓa dukan ta ba, yau ma ban yi ba. Na ce ta fita mini daga gida.

Ƙarya take yi.

Litinin, 23 ga Oktoba

Ƙarya take yi.

Florrie ta tafi. Ta bar labulenta na gaba a rataye, mutanen hukuma suka fizge suka jefar a titi. Na ɗauko na ninke.

Alhamis, 26 ga Oktoba, da hantsi

Sun fara rushewa daga can ƙarshen layi. Kowane bugu sai kofuna su yi ƙara a kan kantar kicin, toka ta zubo daga bututu. Na ga bangon ɗakin kwanan Ogden tsirara a sararin Allah, da takardar bango mai furanni da tabon inda hoton uwarsa yake. Ba kunya.

An yanke fitilun titi. Mu kaɗai muka rage, da kyanwar wani.

Tattersall ya turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Ta kama wuta da kyau.

Asabar, 28 ga Oktoba, da yamma

Ina gyara mata matashi ta kama hannun rigata.

"Wilf, ka ɗauka kurma ce ni? Bayin nan a bayan kaina yake. Na ji zancen Cyril tun ranar."

Na ce ta yi barci.

"Kai jaki. In na tafi ina ruwana da tsaye ko kwance? Ko a kife suka sauko da ni ba zan sani ba. Abin da nake so ina da rai nake son sa."

"Me kike so, yarinya?"

"Wanka. Shekara nawa ina ɗora tukunya ina cika bahon kwano a gaban murhun nan? Kai ka fara shiga da baƙin kwal ɗinka, sai Maureen, ni ce ta ƙarshe a ruwan da ya huce ya yi kauri. Sau ɗaya dai in murɗa famfo, ruwan zafi ya zubo, in shiga ni ce ta farko, in miƙe ƙafata."

Na ce zan cika mata baho yanzu, ita kaɗai, sabon ruwa. Ta juya wa bango fuska.

Ban taɓa jin ta yi ƙorafin ruwan nan ba. Ko sau ɗaya. Wa ya hana ta faɗa?

Litinin, 30 ga Oktoba

Ba ta yi mini magana ba. Cokali uku na shayi.

Laraba, 1 ga Nuwamba, da yamma

Nas ta zo ta yi mata allura. Tana fita ta ce mini in akwai abin da take so a yi mata, a yi. Su duka bakinsu ɗaya.

Injin ya iso gidan Brierley. Na fita na tsaya a tsakiyar titi. Clifford ya kashe ya sauko, fuska duk ƙura.

"Baba, ka matsa, bulo na tsalle."

"Ka gaya wa matarka ranar Lahadi. Wuni ɗaya. Kafin duhu a dawo mini da ita gidanta."

"To, Baba."

"Kafin duhu na ce."

Juma'a, 3 ga Nuwamba, da safe

Na goge ƙofa. Ba wanda ya rage da zai gani.

Ta yi mini magana. Ta sa na ciro sabulun da Maureen ta ba ta tun Kirsimetin bara waccan, yana nan a takardarsa cikin aljihun kabad. Ta shinshina ta sa a ƙarƙashin matashi.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, da azahar

Sun zo da tasi. Clifford ya ɗauke ta a hannu kamar ƙunshin wanki, ya tsallake dokin ƙofa. Ta leƙa ƙasa ta ce, "Wa ya ja layin nan, makaho?"

Maureen ta ce in zo. Na ce ƙafata ba za ta taka benen nan ba, kuma wa zai kula da wuta.

Hilda ta ce, "Bar shi. Wilf, ka hura ta sosai. In na leƙo daga sama ina so in gane gidana."

Na zuba garin kwal mai laima, wanda ya fi hayaƙi. Ina ta zubawa. Hukuma ta zo ta kama ni in ta ga dama.

Lahadi, da yamma

Duhu ya fara. Ba tasi.

Clifford ne, a ƙasa, hula a hannu.

Litinin, 6 ga Nuwamba, da yamma

Ta yi wankan. Maureen ta ce ta daɗe a ciki, tana ta cewa a ƙara na zafi, har ta yi waƙar masaƙa. Aka shirya ta aka zaunar da ita a kujera gaban taga, hawa na goma sha ɗaya. Ta ce ashe akwai duwatsu a bayan garin nan, tana zaune a gindinsu duk rayuwarta ba ta sani ba. Sai ta nuna da yatsa ta ce, "Ga jakin can, zai ƙone mini gida." Maureen ta shiga dafa shayi.

Shi ke nan abin da zan rubuta a kan wannan.

Na taka benen. Ta matakala na hau, ban san yadda gwiwoyina suka kai ni ba. Na tarar mutanen mai jana'iza su biyu sun riga ni, sun ɗaure ta a makara da ɗamara, ɗaya ya danna wa lifta maɓalli. Na shiga bakin liftar na tsaya na riƙe ƙarfe hagu da dama.

"Tsoho, haka ake yi a nan. Mun ɗaure ta da kyau, ba za ta motsa ba."

"Sai dai ku tsayar da mu tare."

"Matakalar nan ba ta juyuwa, kuma mu biyu ne."

Maureen tana cewa Baba don Allah, mutane sun buɗe ƙofofi suna kallo. Kuma suka ce ba ma gida za su kai ta ba, suna da ɗakin ajiya a shagonsu, mai furannin roba. Na ce tana da ɗakin gaba.

Ban ga fitar Clifford ba. Sai ga shi ya dawo da mutum uku, abokan aikinsa masu rushe gidaje, ɗaya ma da cokali mai yatsu a aljihun riga, daga kan abinci aka taso shi. Bai dube ni ba. Ya ce wa mutanen, "Ku matsa." Suka ɗauka.

Kowane lungu sai sun ɗaga ta sama da kai sun miƙa ta bisa ƙarfen riƙo. Ina gaba ina cewa a daidaita, a daidaita. Wani ƙato ɗan Ailan yana haki ya ce, "Kaka, ko kofin shayi ka ɗora mata ba zai zube ba." A hawa na huɗu na ji bayan Clifford ya yi ƙara. Bai ajiye ba.

Tana ɗakin gaba. Na ja labule.

Talata, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Florrie ta zo, mota biyu, da farin zanenta a jaka. Ta rufe ƙofa ta daɗe. Da ta fito ta zauna a kujerar Hilda ta ce, "Ban taɓa samun aiki mai sauƙin wannan ba. Fes take, Wilf. Sai ƙamshin sabulu."

Na fita ramin kwal na yi abin da ya kai ni.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, da yamma

Na goge ƙofa da sassafe. Rawaya, da farin layi. Na sa katako na bi gefensa. Florrie ta duba ta ce, "Ya karkace kaɗan. Bar shi."

Ɓangarenmu gida uku ya rage. Ɓangaren su Florrie bangon gaba ne kawai a tsaye, ba rufi, ana hango sama ta tagogi. Na ba ta labulenta da na ajiye. Ta tsallaka kan bulo da takalmin cocinta, ta cire kwanon, ta rataya shi da ƙusa biyu, ta ja. Iska na kaɗa shi ta baya.

Labule biyu a Layin Garnet. Da sai ka ƙirga hamsin.

Injin bai yi aiki ba yau. Su huɗun nan ne suka ɗauka, da rigunan aro. Hilda ta fita ta ƙofarta, ƙafa a gaba, a kwance. Ba wanda ya taka dokin.

Maureen ta riƙe hannuna a hanya. Ban ƙwace ba.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Ba ni da abin rubutawa. Na bar wuta ta mutu.

Alhamis, 30 ga Nuwamba, da yamma

Hawa na tara. Tattersall ya miƙo mini makulli ya ce zan ji daɗi. Ɗumi na fitowa daga ƙasa kamar zazzaɓi, ba wutar murhun da mutum zai zauna ya kalla. Ragowar dutsen rawayan yana aljihun kwat ɗina. Ƙofar nan ba ta da doki, shimfiɗar roba ce tun daga ciki har waje.

Na roƙi Clifford abu ɗaya, kada ya zama shi ne a kan injin ranar da za a zo kan gidanmu. Ya ce shi zai yi, ya fi so ya zama shi. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Daga tagar nan ana ganin wurin. Ban leƙa ba.

Lahadi, 3 ga Disamba, bayan cin rana

Na ci abinci a wurinsu. Clifford har yanzu a karkace yake zama, da matashi a baya. Na ce masa, "In tawa ta zo fa?"

Ya yi dariya, dariyar ta taɓa masa bayan ya yamutsa fuska. "Baba, ka ji tausayina. Hawa tara ne, kuma kai ba Mama ba ne, ƙashin kwal gare ka."

Maureen ta ce mu bar zancen nan a kan tebur.

Da zan koma ban bi matakala ba. Na danna maɓallin lifta, ta zo, ba kowa a ciki. Warin fitsari da sabon fenti. Na shiga na jingina da bangon baya, na haɗa ƙafafuna, na ɗora hannu bisa hannu a ƙirji.

Akwai sauran wuri sama da kaina, kamar taƙi ɗaya.